An Ce Mahaifiyata Mai Wabi Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ni malamar firamare ce, an haife ni a 1985 a wani ƙauye da ke tsakanin Funtuwa da Bakori a jihar Katsina. Mu takwas Innarmu ta haifa, biyar ne a raye. Ukun da suka koma babu wanda ya cika shekara uku a duniya, kuma a kansu ne dangi suka liƙa wa Inna sunan mai wabi, ta yi shekara da shekaru tana fama da shi. Sai da na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce in faɗa duka, kada in rage komai, ko Allah zai sa wata baiwar Allah ta tsira daga abin da ita ta sha.

Gidanmu babban gida ne, kuma mai juya shi ita ce kakarmu ta wajen uba, Iya. Doguwar tsohuwa ce mai tsabta, mai kyauta, ko goro ba ta ci ita kaɗai. A ɗakinta na yi wayo, a gadonta nake kwana, kishiya take kirana. Amma Iya tana da dokokinta, kuma ba ta ɗauke su abin wasa ba. Ba a shara da dare, arzikin gida ake sharewa. Ba a fito da dare. Da zarar duhu ya shiga ba a kama sunan maciji, sai dai a ce igiyar ƙasa. Ba a zuwa aron allura ko gishiri bayan magariba. Yarinya ba ta zama a kan turmi, kuma ba wanda ke zama a dokin ƙofa. Wanda ya tsallake yaro yana kwance dole ya dawo ya warware tsallaken, in ba haka ba yaron ba zai yi tsawo ba. In za ki zubar da ruwan zafi a tsakar gida sai kin sirka shi kin yi bismilla, don kada ki ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Mai jego ba ta fita ta bar jariri a ɗaki sai ta ajiye masa wuƙa a saitin kai. Daren da mujiya ta yi kuka a kan tsamiyar bayan gida kuwa, Iya ba ta ƙara runtsawa, a zaune za ta kwana tana jan carbi.

Akwai kuma ta ƙwai. Gidanmu cike yake da kaji da zabi, amma ba yaron da ke cin ƙwai, domin Iya ta ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Mai ciki ma ba ta ci. A tukunya ake tara su, ranar kasuwa a kai, ko a dafa wa baƙo namiji.

Ba na raina Iya a kan waɗannan, kuma ba na son in ji ana yi wa tsofaffinmu dariya saboda su. Mace ce da ta girma babu lantarki babu asibiti, kunama da maciji na yawo a tsakar gida, ga yara fiye da goma da dole ta tsare. Ba ta da wani makami sai tsoro, da shi ta tsare mu. Hana mu yawo da magariba ma ba camfi ba ne, daga baya a Islamiyya na karanta hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a tsare yara a gida idan dare ya fara shiga, a rufe ƙofofi da ƙorai. Yawancin dokokin Iya ba su cutar da kowa ba. In kin ƙi shara da dare, da safe za ki yi. Camfin da ya cuce mu shi ne wanda ya nemo mutum guda a cikin gida ya ɗora masa laifin mutuwa.

Inna da Baba auren zumunci ne, iyayensu maza wa da ƙane ne. Haihuwar fari namiji ne, Yayanmu, lafiyayye. Bayansa aka haifi mace. Goggo ta ba ni labari cewa jaririyar nan kowa sha'awarta yake yi, ga ƙiba ga gashi. Sai da ta fara zama, ana shirin ganin rarrafe, hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ba a taɓa ta sai ta tsala ihu. Zazzaɓi ya je ya dawo, idanunta suka yi ɗorawa, ciki ya yi tauri ta ɓangaren hagu. Wata rana da damina ta yi fari fat, kafin la'asar ta cika. Aka ce kwana ne ya ƙare. Na bayanta namiji, shi ma haka: lafiya lau har wata biyar zuwa shida, daga nan kumburi, kuka, shawara, ya koma yana shekara ɗaya da 'yan watanni. Da na uku ya zo ya bi sawunsu, sai magana ta fito fili. Tsofaffi suka ce ai ɗa guda ne yake zuwa yana komawa. Hujjarsu ita ce yadda yake yi: ba ya tafiya da wuri, sai ya bari an saba da shi, ya fara dariya, ya shiga rai, sannan ya kama hanya. Suka ce ɗan wabi ne, ya sami cikin da yake wasa da shi. Har wata tsohuwa ta kawo shawarar a yi wa gawar na ukun shaida a kunne don a gane shi in ya dawo. Baba ya ce ba a gidansa ba, ya ɗauki ɗansa ya kai shi makwanci.

Abin da ya biyo baya Inna ba ta iya ba da labarinsa ba tare da ta tsaya ta nisa ba. Ba wanda ya zage ta. Da zagi ne ma da ta san yadda za ta yi da shi. In ta shiga gidan barka, sai mai jego ta gyara wa jariri rufa ta juya shi bango. Ranar suna a miƙa wa kowace mace jariri ta ɗauka ta sa albarka, in an zo kanta a tsallake. Mai ciki ta hango ta a hanyar rijiya ta canja hanya. Matan da da suke aron zaninta da ɗankunnenta suka daina. Ita da ta binne 'ya'ya uku, maimakon a rungume ta sai aka riƙa kaffa-kaffa da ita. Shekarunta a lokacin ba su wuce 25 ba.

Iya ta matsa wa Baba ya ƙara aure, ya auro wata daga wajen Malumfashi, bare ce, ba dangi ba. Inna Amarya muke ce mata, mutuniyar kirki ce, ban taɓa jin ta goranta wa Inna ba ko sau ɗaya. Sai dai 'ya'yanta sun zo ɓul-ɓul, ba mai kumburi ba mai shawara. Wannan ya rufe bakin duk mai shakka. Miji ɗaya, gida ɗaya, ruwa ɗaya, abinci ɗaya, 'ya'yan waccan na rayuwa na wannan na mutuwa. Aka ce to ga shi nan, matsalar a jikinta take. Inna da kanta ta yarda. Ta ce mini akwai daren da ta roƙi Allah in ita ce ke jawo wa 'ya'yanta mutuwa Ya ɗauke ta Ya bar su.

A cikin wannan hali aka haife ni. Washegari da sassafe Iya ta naɗe ni a tsumma ta kai ni bayan gida ta kwantar a kan juji, ta juya ta tafi ba waiwaye. An riga an shirya da wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ita ta zo ta tsince ni ta kai gidanta, Iya ta bi ta da kwanon gero ta fanso ni. Manufar ita ce a nuna wa mai ɗaukar yaran cewa ba a damu da wannan ba, yasasshiya ce, ba ta kai a ɗauka ba. Ba a ɗinka mini sabon kaya ba sai da na yi tafiya, tsofaffin rigunan yara aka roƙo daga gidajen da 'ya'yansu ke rayuwa. Maƙeri ya ƙera mini ƙarfe aka sa a ƙafa. Ranar suna liman ya raɗa mini suna mai kyau, amma ba mai kirana da shi sai a makaranta. A gida Ajuji ce ni. Da na rayu, na yi tafiya, na wuce shekara uku, Iya ta ce dabara ta ci. Ƙannena mata biyu da suka biyo ni su ma an kai su juji, su ma sun rayu. Gida ya ɗan sami natsuwa, aka fara miƙa wa Inna jariri a wurin suna, ko da yake ba kowa ba.

Sai aka haifi autanmu a 1993. Shi ma an yi masa duk abin da aka yi mana, ba a rage ko ɗaya ba. Yana wata shida hannuwansa suka kumbura.

Wannan da idona na gani. Yaron nan ya sha wuya. Wanzami ya yi masa tsaga a ciki saboda saifa, har yau tabon na nan. An yi masa turare, an shafa masa rubutu, an ba shi jiƙo iri-iri, an rataya masa laya har wuyansa ya yi nauyi. Akwai wani dare a cikin hunturu, yana da shekara huɗu, da ciwon ƙafa ya tashi. Ba ya iya kwanciya, ba ya iya zama, in an taɓa shi ihu, in an sake shi ihu. Inna ta ɗora shi a cinya tana ɗumama tsumma a bakin kasko tana danna masa a gwiwa, bakinsa ya bushe ya tsage, yana cewa "Inna ki cire mini ƙafar." Iya na tsaye a kansa, hawaye na zuba, tana yi masa magana irin wadda ake yi wa babba: "Haba angona, me muka yi maka? In za ka zauna ka zauna, ka ji tausayin uwarka." A wurinta yaron ya san abin da yake yi, zaɓi ne a hannunsa. Ni kuma ina rakuɓe a bayan ƙofa ina jin tsoron ƙanena, domin an sa mini a rai cewa ba yaro ba ne irin sauran yara.

Wanda Allah Ya sa ya zama sanadi wani malamin asibiti ne da aka turo ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Da Baba ya kai masa yaron neman allurar zazzaɓi, sai ya buɗe idonsa ya duba, ya taɓa cikinsa, ya tambayi labarin 'yan'uwansa da suka rasu. Ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfin nan. Ka kai shi Zariya a gwada jininsa, kuma ku tafi tare da mahaifiyarsa." Baba ya sayar da masara, muka tafi asibitin koyarwa, lokacin yana Tudun Wada ba a koma Shika ba. An tafi da ni don in riƙa yi wa Inna aike.

Likitar da ta gan mu Bayarabiya ce haifaffiyar Zariya, Hausa a bakinta tsaf. Bayan sakamako ya fito ta sa aka kira Baba da Inna tare, ta ce su zauna. Ta ce yaron yana da sikila, amosanin jini. Ta ɗauki takarda ta zana ƙwayar jini kewayayya, ta zana wata a lanƙwashe kamar lauje. Ta ce lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120 a jiki tana kai iska ko'ina, amma lanƙwasasshiyar ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa jininsa kullum a ƙasa yake, idonsa ke yin ɗorawa. Kuma in ta zo wucewa ta ƙananan hanyoyin jini sai ta maƙale ta toshe, wurin ya rasa jini, wannan shi ne azabar da yake ji a ƙashi. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin sauro da gajiya su ke tayar da shi.

Inna, wadda ko kallon idon baƙo ba ta yi, ta buɗe baki ta yi tambaya. Ta ce, "Likita, to me ya sa suke zuwa lafiya, sai an saba da su sannan su fara?" Likitar ta ce jariri yana zuwa duniya da wani irin jini na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi ke kare shi. A hankali wannan jinin ke raguwa, wajen wata shida na gadon ya karɓi jiki, daga nan ciwo ke bayyana, kuma kumburin hannu da ƙafa shi ne alamar farko a wurin yara da yawa. Ta ce yadda aka kwatanta mata rasuwar ukun farko, alamun duk na wannan cuta ne. Ta ce su ma a wajensu akwai irin wannan magana ta yaro mai zuwa yana komawa, abiku suke cewa, kuma ta ga iyaye mata da yawa da aka ɗora wa laifi a kanta.

Daga nan ta zo kan abin da ya sauya gidanmu. Ta ce cutar ba ta zuwa daga uwa ita kaɗai. Dole sai uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi. An gwada su duka biyun, Inna AS, Baba AS. Kowannensu lafiyayye ne, yana ɗauke da iri ne kawai. In irin waɗannan biyun suka yi aure, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai ciwon, kuma ba layi ake bi ba, ana iya jera uku masu ciwo, ana iya jera biyar lafiyayyu. Baba ya ce to ga ɗaya matar tasa, 'ya'yanta ba mai ciwo. Likitar ta ce in an gwada ta, da wuya ba AA ba ce, wato wadda ba ta ɗauke da irin ko kaɗan. Daga baya an gwada, haka ne. Baba ya yi shiru, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya juya ya dubi Inna a gaban mutane, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Da muka dawo gida Iya ba ta karɓa ba. Ta ce jinin ɗanta garau yake, ga 'ya'yan Amarya nan shaida, likitocin zamani ba abin da ba za su faɗa ba. Baba mutum ne da bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba. Ran nan ya durƙusa a gabanta da takardar a hannu ya ce, "Iya, ki yi mini haƙuri. Rabin abin nan daga jikina yake. Ni ma ba sayo shi na yi ba, gadonsa na yi, ko ta wajenki ko ta wajen marigayi. Yarinyar nan ba ta da laifi, an zalunce ta, kuma ina cikin waɗanda suka yi shiru." Iya ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta shige ɗaki.

Limamin garinmu ya taimaka ƙwarai. Baba ya kai masa maganar, shi kuma ya zo har zaure ya yi wa matan gida nasiha ta bayan labule. Ya ce rai ɗaya ba ya zuwa duniya sau biyu, kowane yaro da ransa da ajalinsa. Ya kawo hadisin da ke cikin Buhari da Muslim wanda ya kore camfi da tsuntsaye da kukan mujiya. Sannan ya faɗi abin da Inna ke maimaitawa har gobe: Manzon Allah da kansa ya binne 'ya'yansa maza suna ƙanana, Alƙasim da Abdullahi da Ibrahim, biyun farko Nana Khadija ce ta haife su, wa ya isa ya kira ta da sunan da kuke kiran wannan baiwar Allah?

Tsohuwa irin Iya ba ta iya buɗe baki ta ba suruka haƙuri, ba a yi haka a zamaninsu ba. Amma mun ga abin da ta yi. Likita ta ce a riƙa ba yaron abinci mai gina jiki, har da ƙwai, a cika shi da ruwa, a rufe shi daga sanyi, ya kwana a gidan sauro, ya sha folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi kullum. Inna na tsoron ta taɓa tukunyar ƙwai. Wata safiya sai ga Iya ta fito da ƙwan zabi biyu a hannu, ta dafa da kanta a murhunta, ta ɓare, ta barbaɗa gishiri, ta zaunar da autan a cinyarta tana ba shi a baki. Mu sauran yara muka kewaye su muna kallo. Ta ɗago ta ce, "Ku kuma me kuke kallo? Ku ɗauko naku." Daga ranar dokar ƙwai ta faɗi a gidanmu. Da yamma kuma ta aika aka kira Inna ta zo ta yi mata kitso, alhali shekaru ta yi ba ta bari Inna ta taɓa kanta ba. Sauran dokokin nata kam ba ta saki ko ɗaya ba, har ta bar duniya ba a shara da dare a gidan nan, kuma ba wanda ya nemi ya hana ta.

Jarrabawar ta dawo ta kaina a 2005. Tun ina ƙarama Iya ta ba ɗan Goggo ni, kuma abin ya zo daidai, domin muna son juna ƙwarai. Yana da hankali, yana da kunya, shi ya riƙa ƙarfafa mini gwiwa har na shiga kwalejin horon malamai. Da aka fara maganar sa rana, Inna ta ce ba za a karɓi komai ba sai an yi gwaji. Aka yi. Ni AS, shi AS. Ashe ba juji ne ya tsare ni ba, rabi ɗaya kawai na gada.

Na yi kuka har na rame. Shi ya ce mu yi auren mu dogara ga Allah, ai uku cikin huɗu lafiya ne. Ni ma zuciyata ta so hakan. Goggo ta tayar da ƙura, ta ce an raina ɗanta, an bar tawakkali an kama takardar Nasara, ta ce duk wanda Allah Ya rubuta zai yi ciwo sai ya yi. Baba ya ba ta amsa da labarin Sayyidina Umar lokacin da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Goggo ba ta saurara ba. Kowa ya zuba ido ya ga abin da Iya za ta ce, tunda ita ta ƙulla abin. Ta sa aka tara su a ɗakinta, ta ce, "Ni na haɗa, ni na raba. Na ga jikoki uku an fita da su a tabarma, na huɗu ga shi nan ina kwana ina jin kukansa. Ba zan zauna in jira na tattaɓa-kunne ba." Ta juyo gare ni ta ce, "Kishiya, ki yi haƙuri. Kukan yau ya fi na gobe sauƙi." Goggo ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba. Shi ya auri wata, ni ma Allah Ya haɗa ni da maigidana, AA ne, 'ya'yanmu huɗu. Ba zan ce rabuwar ba ta yi mini ciwo ba, ta yi, kuma ta daɗe. Amma duk daren da na ji ɗana ya yi tari na tashi na duba shi na koma barci, na san abin da aka tsare mini.

Iya ta rasu a 2009. A ciwon ajalinta ba ta yarda kowa ya yi jinyarta ba sai Inna. Inna ta gaya mini cewa ana saura kwana kaɗan ta kama hannunta ta ce ta yafe mata, ita ma abin da ta taras ke nan, da ta san wani abin da ya fi shi da ta yi. Inna ta ce ta yafe duniya da lahira.

Da na girma na shiga karance-karance sai na gane ba gidanmu kaɗai ba ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da irin. Dalilin yawansa a ƙasashenmu shi ne mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin sauro mai tsanani, don haka irin ya yaɗu a inda sauro ya yi yawa. Ba kowace mai wabi ce sikila ke kashe wa 'ya'ya ba, akwai ƙyanda, akwai gudawa, akwai zazzaɓi da tamowa, amma dukkansu cututtuka ne masu suna da magani ko rigakafi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga Yuni don sikila, kuma a 2024 jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da wannan. Na yi murna da dokar. Abin da nake gaya wa iyayen ɗalibaina shi ne a yi gwajin tun kafin soyayya ta yi nisa, tun yara na makaranta, kuma a maimaita shi a wuri na biyu, domin ana samun sakamakon kuskure, ana kuma samun masu sayen takarda don a ɗaura aure.

Autanmu yana nan da ransa, ya haura shekara 30, abin da ba wanda ya zata. Yana gyaran waya a Funtuwa. Ciwon ya ci masa ƙashin ƙugu, yana ɗingishi, kuma in hunturu ya kama ko damina ta yi nisa mukan kwana a asibiti. Akwai maganin da aka ɗora shi a kai, haidiroksiyuriya, ya rage masa yawan tashin ciwon sosai, sai dai tsada, mu 'yan'uwa muke haɗa kuɗin duk wata. Ba ya rabuwa da gorar ruwa. Ya yi aure, shi ya kai takardar gwajinsa gidan surukai da hannunsa tun kafin su tambaya.

Inna kuwa ta zama uwar masu irin wannan lalura a unguwarmu. Kwanakin baya ta ji labarin wata yarinya da aka auro kusa da mu, ta binne biyu, na ukun yana wata bakwai hannunsa ya kumbura, har an fara kiranta da wancan sunan. Ba wanda ya gayyaci Inna. Ta ɗauki hijabinta ta tafi, ta tarar an kira wanzami. Uwar mijin ta ce su ba sa son shisshigi, abin da suka gada ke nan iyaye da kakanni. Inna ta zauna a tabarma ta ce ba za ta tashi ba sai an ba ta yaron da uwarsa, kuɗin mota da na gwaji ita za ta biya. Ta karɓi jaririn ta rungume, ta ba su labarinta tun daga farko. Da azahar suka tafi asibiti. Sakamako ya fito, yaron SS ne, uwar AS, an ɗora shi a kan magani. Saura mijin, ya ƙi zuwa a gwada shi, wai shi lafiyarsa ƙalau, matsalar ta matarsa ce. Baba ya ce a bar masa shi, zai same shi bayan sallar Juma'a, kuma zai tafi da tasa tsohuwar takardar ya nuna masa.